Waiwaye: Yadda aka bi diddigin sikila har cikin ƙwayoyin gado

A 1910 wani likita a birnin Shikago na Amurka, James Herrick, ya wallafa bayanin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada da ke fama da ƙarancin jini. Da aka duba jininsa a madubin likita, sai ga jajayen ƙwayoyin jini sun lanƙwashe kamar lauje. Al'ummomin Afirka sun daɗe da sanin ciwon, musabbabinsa ne dai ya gagara.

Ƙa'idar da za ta warware batun ta riga ta fito tun 1866, daga gwajin barbarar wani nau'in wake da Gregor Mendel ya yi: kowace siffa tana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ɗaya kan iya danne ɗaya. Ba a waiwayi aikinsa ba sai a 1900, kuma sai a 1949 James Neel ya nuna cewa sikila ma haka take tafiya. Ana kiran lafiyayyar ƙwayar gadon A, ta sikila kuma S. Mai AS ƙwayar S ɗaya ya gada, yawanci lafiyarsa ƙalau; mai SS ya gada daga iyaye biyu.

A wannan shekarar Linus Pauling da abokan aikinsa suka tura himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ta cikin lantarki, suka ga na mai sikila ya sha bamban a tafiya. Vernon Ingram ne ya gano ainihin wurin a 1956 zuwa 1957. Sarƙar beta, wani sashe na himogulobin, tana da tubalan da ake kira amino asid guda 146, kuma na shida kaɗai ne ya sauya: valine ya maye gurbin glutamic asid. A DNA, harafi guda ne ya canza a kuromosom na 11, GAG ya koma GTG.

Da zarar himogulobin S ya sauke oksijin, sai ya manne da 'yan uwansa, su zama dogayen zare masu tauri. Ƙwayar jinin ta sandare, ta toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi ke tashi. Tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, alhali lafiyayya kan kai kwana 120. Ƙishirwa, sanyi da zazzaɓi duk suna ƙara tunzura lamarin. Jariri ba ya nuna alama sai wajen wata shida, saboda himogulobin F, irin na jarirai mai hana wannan mannewa, da aka haife shi da shi bai gama raguwa ba.

To, me ya hana ƙwayar gadon da ke kashe yara tun kafin su hayayyafa ɓacewa? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 bayan bincike a Gabashin Afirka: S ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro na falciparum ya yi katutu. Yaro mai AS yana iya kamuwa, amma haɗarin zazzaɓin ya yi masa tsanani yakan ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Mai AA zazzaɓi ke barazana gare shi, mai SS kuwa sikila, sai na tsakiya ya fi tsira ya yaɗa ƙwayar. Shi ya sa ake samunta a Afirka, Indiya, yankin Larabawa da gaɓar Bahar Rum, ba ruwanta da launin fata. Kariyar ba ta shafi mai SS ba. A gare shi zazzaɓin ya fi haɗari.

Wajen lissafi ne aka fi yin kuskure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na SS, biyu na AS, ɗaya na AA. Ba rabo ne ake yi wa 'ya'ya huɗu ba. Kowane ciki sabon lissafi ne, ana iya haifar SS uku a jere. Ana kuma mantawa da C, wani sauyayyen nau'in himogulobin: AS da AC kan iya haifar SC, shi ma ciwo ne.

Gwaji ma yana da tarko. Wanda ake haɗa jini da sodium metabisulfite a jira ƙwayoyi su lanƙwashe yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS. Gwajin lantarki ko HPLC, gwajin na'ura mai ware nau'o'in himogulobin, ke rarrabewa. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce kuwa, jinin wani na iya sa SS ya fito kamar AS.

Magungunan zamani sun koma ga dabarar jariri. Hydroxyurea, da Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, yana ƙara himogulobin F. Casgevy, da aka amince da shi a Birtaniya da Amurka a ƙarshen 2023, yana amfani da CRISPR, fasahar gyaran DNA, a ƙwayoyin ɓargo don sake kunna F ɗin. Gyaran bai taɓa maniyyi ko ƙwan mace ba, don haka wanda aka yi wa zai ci gaba da gadar wa 'ya'yansa S.