Wasiƙar hannu a ƙasar Hausa

Wasiƙar hannu saƙo ne da ake rubutawa da alƙalami da tawada, a naɗe, a ba manzo ya kai. Kafin zuwan boko, da Larabci ake rubuta yawancin wasiƙun ƙasar Hausa, kaɗan kuma da ajami.

Kayan aiki

Kara ko gamba ake feƙewa, a tsaga bakin don ya riƙe tawada. Ita tawadar da gawayi ko baƙin tukunya ake haɗa ta, a sa ƙaro don ta kama. Takarda kuwa tsada gare ta, domin fatake ke kawo ta daga Tarabulus ta hamada. Mai yawa daga cikinta ƙirar Italiya ce, in an ɗaga ta a rana sai a ga jinjirin wata uku a jikinta.

Zamanin Daular Sakkwato

A nan wasiƙa ta kai ƙololuwa. Ofishin Waziri ke kula da saƙonnin da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna. Ana farawa da bisimilla da salati, sai sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa gwargwadon girman mutum, kafin a shiga magana. Hatimi da hannun magatakarda ke nuna takardar ba ta jabu ba ce.

Wasiƙun da suka fi shahara su ne waɗanda Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno suka yi musaya, daga wajejen 1808, kan halaccin yaƙar Barno. Kowannensu ya kafa hujja cikin ladabi, duk da cewa dakarunsu na fafatawa. Bello ya kawo su a littafinsa Infaƙul Maisur. A 1927 H. F. Backwell ya buga fassarar wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari bayan faɗuwar Sakkwato a 1903.

Akwai saɓani kan ingancin wasiƙar 1902 da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aika wa Lugga (Lugard), shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewacin Najeriya.

Bayan zuwan boko

Gidan waya ya kawo wasiƙa hannun talaka. Wanda bai iya rubutu ba sai ya zauna gaban marubucin wasiƙa, ko ya kira ɗan makaranta, ya faɗi abin da ke ransa, a fara da "gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya". Da haka 'yan ci-rani a Kumasi da Ikko suka riƙe zumunci da gida.

Wayar salula, wadda ta bazu a Najeriya daga 2001, ta kusa kawar da al'adar.