Faɗuwar Awon Bugun Zuciya Kwatsam Yayin Gudun Dogon Zango

Faɗuwar awon bugun zuciya yayin gudun dogon zango ita ce mai gudu ya ga lambar da agogonsa ko ɗamarar ƙirjinsa ke nunawa ta yi ƙasa farat ɗaya, misali daga bugu 160 a minti zuwa 115 ko 80, alhali bai sassauta gudu ba, bai kuma shiga gangara ba. Lambar takan zauna a ƙasa na 'yan daƙiƙu ko mintuna, sannan ta koma inda take. Galibi laifin na'ura ne. Wani lokaci jiki ne ya gaji. A wasu 'yan tsiraru kuwa alama ce ta matsala a hanyar lantarkin zuciya, kuma saboda su ne ba a watsar da batun.

Abin da zuciya ta saba yi

In mutum ya kama gudu da sauri iri ɗaya, bugunsa yakan hau cikin mintuna biyu zuwa uku na farko, ya daidaita, daga nan ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Zafin jiki da asarar ruwa ta hanyar gumi ne ke jawo wannan ƙaruwa: jini ya ragu, wani kaso nasa ya karkata zuwa fata don sanyaya jiki, sai zuciya ta ƙara yawan bugu ta cike giɓin. Ke nan a dogon gudu hanyar bugu sama take, ba ƙasa ba.

Akwai kuma lissafin da ba ya ƙarya. Jinin da zuciya ke turawa a minti shi ne yawan bugu sau abin da kowane bugu ke fitarwa. A zaune kusan lita 5 ne, a gudu mai ƙarfi yakan kai lita 20 zuwa 25, gwanayen 'yan wasa ma sukan wuce 30. Zuciyar da ke tsakiyar gudu ta riga ta kusa ƙure abin da za ta iya fitarwa a bugu guda. Da bugun zai rabu biyu da gaske, tsoka da ƙwaƙwalwa za su rasa jini nan take, kuma mai gudun ba ya buƙatar agogo ya gaya masa: ƙafafu za su yi nauyi, jiri ya ɗebe shi, gani ya dushe. Wanda ya ga lamba ta rufta amma yana tafe garau, numfashinsa bai sauya ba, na'urarsa ya kamata ya fara tuhuma.

Agogon hannu

Agogon zamani ba ya jin zuciya kai tsaye. Koren haske yake haskawa cikin fatar wuyan hannu, ya auna wanda ya dawo. Jini yana shanye koren haske, don haka duk sanda bugu ya cika ƙananan jijiyoyi sai hasken da ke dawowa ya ɗan ragu. Wannan sauyi ƙanƙani ne ƙwarai, kuma gudu yana jefa wasu sauye-sauye a kansa waɗanda suka fi shi girma: agogon yana motsi a fata, hasken rana yana kutsawa ta gefe, jinin hannu yana kai-komo da lilon hannu. Manhajar cikin agogo ce ke tankaɗe wannan hayaniya ta zaɓi wadda take zaton ita ce zuciya, kuma takan yi kuskure.

Kuskuren da ya fi shahara shi ne agogo ya kama taku a maimakon bugu. Yawancin masu gudu suna yin taku 160 zuwa 180 a minti, kusa da inda bugun zuciya yake a gudu mai ƙarfi. Wanda bugunsa ke 140 zai ga lamba ta yi tsalle sama, wanda nasa ke 185 kuma zai ga ta sauko ta manne a 170. Abin bai tsaya nan ba. Hannu ɗaya yana lilo sau ɗaya ne a kowane taku biyu, don haka mai taku 170 hannunsa na lilo sau 85. In agogo ya bi lilon, sai ya nuna 85 a tsakiyar gudu, lambar da ke tayar da hankali saboda ta yi kama da rabin bugu.

Sanyi yana tsuke jijiyoyin fata har hasken ya rasa abin gani, shi ya sa matsalar ta fi yawa a gudun asuba ko cikin ruwan sama. Agogo mai nauyi ko sako-sako, wanda ke zaune kan ƙashin wuyan hannu, zanen jarfa mai duhu a wurin, da dunƙule hannu kan kwalbar ruwa, duk suna rage ingancin awo. Batun launin fata ya sha muhawara, domin sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan koren haske. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka aka wallafa a 2020 bai sami bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata ba, amma ya gano kuskuren na'urorin yana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100 lokacin motsa jiki idan aka kwatanta da hutu.

Ɗamarar ƙirji

Ɗamara tana ɗaukar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu, kamar yadda ECG, gwajin lantarkin zuciya na asibiti, ke yi, shi ya sa ta fi agogo aminci. Kamfanin Polar na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1977, shi ya fito da ta farko marar waya a 1982. Amma ita ma tana da nata. In faifan robar da ke taɓa fata ya bushe, ko ɗamarar ta jiƙe ta zame zuwa ciki, ko gishirin gumi ya taru a maɓallanta, ko ɗan batirinta ya kusa ƙarewa, sai ta riƙa tsallake bugu. Wadda ke tsallake ɗaya cikin biyu rabin gaskiya za ta nuna. Rigar leda mai kaɗawa tana haifar da lantarkin gogayya, kodayake wannan ya fi jefa lamba sama. Saƙon da ɗamara ke aika wa agogo ba tare da waya ba, ta Bluetooth ko makamancinsa ANT+, kan katse, kuma agogo da yawa da zarar hakan ta faru sai su koma awon hannu shiru, ba sanarwa. Mai gudu yana ganin awon ɗamara yake karantawa, alhali na hannu ne.

Lokacin da jiki ne

Gangara, iskar da ta koma bayan mutum, ko raguwar saurin da bai lura da shi ba suna sauke bugu, amma a hankali, cikin rabin minti zuwa minti. Watsa ruwan sanyi a fuska kan rage shi na ɗan lokaci, domin jijiyar da ke taka wa zuciya birki tana amsa sanyin fuska. A gudun fanfalaki mai kilomita 42.195, wajen kilomita 30 sukarin da tsoka ta adana kan ƙare wa wanda bai ci komai a hanya ba. Gudunsa ya mutu, bugu ya biyo shi ƙasa, shi kuwa yana jin wahalar ta ninka. A tseren da ke cin yini da dare wannan abu ne sananne: sa'o'in ƙarshe bugu ba ya kai na farko. Wanda ya yi makonni yana atisaye fiye da kima shi ma yakan tarar bugunsa ya ƙi hawa inda ya saba. Magungunan hawan jini irin su atenolol, bisoprolol da propranolol suna danne bugu tun daga farko har ƙarshe, ba sa kawo faɗuwar farat ɗaya.

Saukar bugu bayan an tsaya kuwa alheri ce. Wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna waɗanda bugunsu bai sauka fiye da 12 ba a minti na farko bayan gwajin motsa jiki su ne suka fi fuskantar haɗarin mutuwa.

Lokacin da zuciya ce

Kowane bugu yana farawa ne daga wani ƙulli a ɗakin sama na dama na zuciya, ya ratsa ta wata mahaɗa zuwa ɗakunan ƙasa masu tura jini. 'Yan wasa da yawa suna da jinkiri a wannan mahaɗa lokacin hutu ko barci, wanda ke gushewa da an fara motsi, kuma likitoci ba sa ɗaukarsa cuta. Akasin haka ne abin tsoro: hanyar ta yi aiki lafiya a zaune, amma da saƙo ya yi yawa sai ta riƙa wucewa da ɗaya tana toshe ɗaya. Bugu 150 ya koma 75 a daƙiƙa guda, ya dawo daidai in an huta. Wannan yana nuna lalacewa a ƙasan mahaɗar, ya fi samun masu shekaru, wani lokaci kuma ƙarancin jini a jijiyoyin zuciya ko kumburin tsokarta ne sanadi. Maganinsa sau da yawa shi ne dasa na'urar daidaita bugu.

Akwai yanayin da zuciya ke bugawa amma na'ura ba ta ƙirga. Bugun da ya riga lokacinsa yakan zo kafin ɗakin ƙasa ya cika, sai jinin da ya tura bai kai a gan shi a wuyan hannu ba. In yana zuwa bayan kowane bugu na ƙwarai, agogo zai nuna rabi. Haka yake a karkarwar ɗakunan sama, inda bugu ke rikicewa ba tsari, matsalar da ta fi yawa a maza masu matsakaitan shekaru da suka daɗe suna wasannin juriya. Wani lokaci ma faɗuwar ba ita ce matsalar ba, abin da ya gabace ta ne: bugu ya tsinke zuwa 200 ko fiye na 'yan mintuna, sannan ya yanke ya koma 140 kamar an kashe maɓalli.

Yadda ake rarrabewa

Hanya mafi sauƙi ita ce yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, tun lambar tana ƙasa. Ba a danna jijiyar wuya da ƙarfi, domin hakan kansa yana rage bugu. Bayan gudu, a ɗora layin bugu kan layin taku a zanen da manhajar agogo ke nunawa: in sun manne, ko na bugu ya tsaya a rabin na taku, agogo ne. Layin da ya miƙe sambal ba motsi saƙo ne ya katse. Ɗaura agogo ɗan sama da ƙashin hannu a matse shi, jiƙa ɗamara kafin fita, wanke ta, da sauya batir suna kawar da mafi yawan faɗuwar. In na'urori biyu masu aiki daban, ɗaya ta haske ɗaya ta lantarki, suka faɗi tare a daƙiƙa guda, zancen ya wuce na'ura.

Lamba mai rabewa biyu daidai ita ce mai ruɗi, tunda lilon hannu, tsallaken ɗamara, bugu mai riga lokaci da toshewar hanya duk suna iya ba da ita. A nan abin da jiki ya ji ne ke raba gardama. Jiri, ciwo ko nauyin ƙirji, haki da ya wuce na gudun, faɗuwar gaba, ƙarewar ƙarfi kwatsam, ko tarihin mutuwar fuju'a ta matashi a dangi, kowanne dalili ne na dakatar da atisaye har likita ya duba. Suma a tsakiyar gudu ta fi wadda ke zuwa bayan an tsaya haɗari nesa ba kusa ba, domin ta bayan tsayawa galibi jini ne ya taru a ƙafafu da tsoka ta daina matso shi.

Likita yakan fara da ECG da hoton zuciya, amma matsalar da gudu ke tayarwa ba lallai ta bayyana a kwance ba. Don haka ake gwaji a kan injin gudu har a kai saurin da abin ke faruwa, ko a rataya wa mutum na'urar Holter, mai naɗar lantarkin zuciya na sa'o'i 24 zuwa 48, a ce ya je ya yi gudunsa da ita. In abin sai jefi-jefi yake zuwa, akwai ƙaramar na'urar da ake sawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke iya kusan shekara uku tana naɗar bugu.