Yaran Jos na buƙatar rufaffen wurin koyon ninƙaya

Duk wanda ya san Jos ya san ramukan kuza. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawan Ingila suka fara haƙa a wannan tsauni, suka kwashi abin da za su kwasa, suka tafi suka bar ramuka birjik daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi. Ruwan sama ya cika su, mu kuma muke ce musu dam. A da a bayan gari suke. Yanzu gari ya cim musu. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Jos ta Arewa kaɗai ta haura mutum dubu 400, kuma tun daga lokacin ba a daina yanka filaye ba. A sababbin unguwanni sai ka ga ƴar tafiya ce kawai tsakanin ƙofar gida da bakin rami, ga kuma rafin Dilimi da ya ratsa ta cikin gari.

Ina wannan rubutu ne a matsayina na ma'aikacin lafiya na unguwa, kuma kirana ga iyaye ne da masu unguwanni da shugabannin makarantu. Yaranmu suna shiga waɗannan ruwaye, ko mun sani ko ba mu sani ba, kuma mafi yawansu ba wanda ya taɓa koya musu iyo.

Ramin kuza ba kamar kududdufin ƙauye ba ne da ake shiga a hankali, ruwa ya kai gwiwa sannan ya kai ƙugu. Injina ne suka haƙa shi, gefensa a tsaye yake, taku biyu daga gaɓa ƙasa ta ƙwace maka. Saman ruwan yakan yi ɗumi da rana, amma can ƙasa sanyi ne ƙarara, kuma jikin da ya faɗa ruwan sanyi ba shiri yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son mai shi ba. Idan kai yana cikin ruwa a wannan lokacin, ruwa ne zai shiga maimakon iska. Ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. Wannan ne abin da mutane ke fassarawa da cewa ruwan yana da iskoki, ko kuma duk shekara sai ya ci mutum. Yaron da ke nutsewa kuma ba ya ihu, domin bakinsa na fama da neman iska. Abokansa na iya kallonsa su ɗauka wasa yake yi. Idan kuwa yaro mai farfaɗiya ne, haɗarin ya ninka, don ciwon na iya tashi yana cikin ruwa.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024, ta ce kimanin mutum dubu 300 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Abin da ya fi ci mini rai a rahoton shi ne, daga shekarar 2000, idan aka auna da yawan jama'a, mace-macen sun ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a Afirka kashi 3 kacal. Mu nan ma ba mu manta da watan Yulin 2012 ba, lokacin da dam ɗin Lamingo ya tumbatsa, ruwa ya shiga Rikkos da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, aka rasa mutum fiye da 30. Ambaliya irin wannan ba a ja da ita, ko gwanin iyo tana iya tafiya da shi, amma ta nuna mana cewa zamanmu a kan dutse bai raba mu da ruwa ba.

Wanda ya fito daga ramin lafiya ma ba lallai ne ya tsira ba. Akwai tsargiya. Wani ƙaramin dodon koɗi ne da ke zaune a ruwan da ba ya gudu sosai yake rainon tsutsar, ita kuma ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ta girma a jijiyoyin jini na kusa da mafitsara. Bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Wasu iyaye har yanzu suna ɗaukarsa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ciwo ne, yana jawo ƙarancin jini da rashin kuzari a aji, idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma yana taɓa mahaifa. Nijeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan masu fama da shi. Tun 1999 cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ke aiki da gwamnatocin Filato da Nasarawa wajen rabon maganin praziquantel. Maganin yana kashe tsutsar, amma ba ya hana ta sake shiga. Yaro ya sha yau, ranar Asabar ya koma dam, an koma gidan jiya.

Na san amsar iyaye da yawa, domin ina jin ta kullum: "Malam, ai mun hana su zuwa." An hana ɗin. An yi faɗa, an yi bulala. Abin da bulala ta koya wa yaro shi ne ya tuɓe kayansa ya ajiye nesa, ya jira jikinsa ya bushe kafin ya dawo gida. Son ruwa a jinin yara yake, kuma ba laifi ba ne. Cikin maganganun da ake dangantawa ga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi akwai umarnin a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta ba da shawarar a koya wa yara ƴan shekara 6 zuwa sama iyo da dabarun tsira. A ƙasar Bangladesh an koya wa ɗimbin yara a kududdufan da aka killace da gora, ma'aunin kuma mai sauƙi ne: yaro ya iya iyo na mita 25, ya iya tsayawa a saman ruwa ba tare da ya firgita ba, ya san yadda zai ceci wani yana tsaye a gaɓa.

To a ina ɗan Anguwar Rogo ko Gangare zai koyi wannan? Wuraren ninƙayar da muke da su galibi a otal-otal suke da gidajen masu hali, da kuɗin shiga da ya fi ƙarfin mai ƴaƴa shida. Kuma a fili suke, ba rufi.

Rashin rufin nan shi ne babbar matsala a Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma kowa ya san sanyinmu na Disamba da Janairu. Ba uwar da za ta bari a tsoma ɗanta a ruwa a fili cikin hunturu, kuma tana da gaskiya. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma damina ce, da tsawa da walƙiya, waɗanda dole a fitar da kowa daga ruwan da ke fili idan sun fara. Abin da ya rage na shekara kaɗan ne, iyo kuwa ba a koyonsa da zuwa sau ɗaya a wata. Wuri mai bango da rufi, da ruwan da aka ɗumama zuwa digiri 27 ko 28, zai yi aiki wata 12. Ƙurar hunturu ba za ta cika shi ba, makaranta kuma na iya sa darasin a jadawalinta ba tare da duba sama ba.

Sai maganar mata, wadda ita kaɗai ta isa hujja. Yarinyar da ta fara girma ba za ta shiga ruwa a bainar jama'a ba, uwarta ma haka. A rufaffen wuri ana iya ware ranakun mata zalla, da malamai mata da masu ceto mata, kowa da suturar da ta kwanta mata a rai. Iyayenmu mata masu ciwon gwiwa da ciwon baya, waɗanda likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga amma tafiya ta gagare su, a cikin ruwa za su iya, domin ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyin jiki. Minti 150 a mako da ake so babba ya yi yana motsa jiki ba zai zame musu azaba ba.

Wani zai ce, mutanen da ke sayen ruwa a jarka wajen mai kura, su ne za a yi wa maganar wurin ninƙaya? Tambayar tana kan hanya, kuma ruwan sha ne gaba. Sai dai kwami mai tsawon mita 25, faɗin mita 12 da rabi, zurfin mita 1.2, lita dubu 375 yake ci, kuma ba kullum ake zubarwa ba. Ruwan ɗaya ne ke zagayawa ta cikin matata, ana ƙara abin da ya ragu. Rijiyar burtsatse da faranten sola za su ɗauki babban kaso na aikin. Abin da ya fi gini wuya shi ne kulawa, kuma a nan da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dole a riƙa auna kulorin, sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, da tsamin ruwan kowace rana, a samar da tagogi da fankokin fitar da iska don warin sinadarin kada ya tayar wa masu asma da ciwonsu, kowa ya yi wanka kafin ya shiga, mai gudawa kuma a hana shi, domin akwai ƙwayar cutar gudawa da ke jure kulorin na kwanaki. Ba kuma a buɗe ƙofa sai da mai ceto a bakin ruwa.

Ba katafaren wurin gasa muke nema ba. Ƙaramin kwami a harabar makarantar gwamnati, wanda makarantun boko da Islamiyya da na coci za su riƙa karɓa-karɓa da safe, manya su biya kuɗi kaɗan da yamma, ya wadatar a fara. Masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban unguwa su kai maganar gaban kansiloli da shugabannin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, hukumar JMDB mai amincewa da taswirar gine-gine kuma ta sa masu gina rukunin gidaje su ware fili tun kafin a sayar da na ƙarshe. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2021 don yaƙi da nutsewa, lokaci ne mai kyau na tayar da zancen a masallatai da majami'u.

Kafin a kai ga haka, a rufe rijiyoyi da durom-durom na cikin gida, kada a bar ɗan rarrafe kusa da bokitin ruwa ko na minti ɗaya. Idan ka ga wani yana nutsewa kuma ba a horar da kai ba, kada ka faɗa, don mai nutsewa yakan ƙanƙame wanda ya zo cetonsa su tafi tare. Miƙa masa gora ko igiya, ko ka jefa masa jarka maras komai a ciki da murfinta a rufe, kana kiran jama'a. Idan an fito da shi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danne masa ciki wai don ruwa ya fita. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, ba tsayawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu na iya toshe numfashi bayan wasu awoyi.