Awa ɗaya a mako: yadda gwamnati ke ƙirga marasa aiki

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sanar da cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari. Alƙaluman da ta fitar kafin nan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Bompai a Kano ya ga masana'antun da aka garƙame, ko ya ga samari a majalisa da hantsi, dole ya tambaya: ina aka samo ayyukan? Ba a samo su ba. Ma'aunin aka sauya.

A tsohon tsari, sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a cire shi daga sahun marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, idan ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce, don lada ko riba, to kai mai aiki ne. Saurayin da ya yi dakon dila biyu a Kantin Kwari ranar Talata, ya koma zaman kashe wando har Talata ta zagayo, yana cikin masu aiki. Haka wanda ya karɓi sitiyarin adaidaita sahu na yini guda, da ɗan kamasho a kasuwar waya ta Farm Centre, da uwar gida mai ƙulle-ƙullen gishiri da magi a cikin ɗaki.

Kafin a kira ka marar aiki kuwa, sai abu uku sun haɗu: ba ka yi aikin komai ba a makon, kana neman aiki, kuma a shirye kake ka fara in an samu. Wanda ya gaji da yawon kai takardu ya haƙura, ba a sa shi a lissafin ma sam. A nan ne abin yake da ɗaure kai. Magidanci mai hannu baka hannu ƙwarya ba zai iya kwana bakwai bai taɓa komai ba, don cefane ba ya jira. Wanda zai iya zama yana jiran aikin ofis shi ne mai uba ko yaya da ke ciyar da shi. Shi ya sa a rahotannin hukumar ake ganin rashin aiki ya fi yawa a tsakanin masu ilimi mai zurfi fiye da waɗanda ba su yi boko ba.

A Amurka akwai wani ma'auni na daban da 'yan jarida ke yawan ambato. Kowace Alhamis Ma'aikatar Ƙwadago na fitar da adadin waɗanda suka nemi tallafin rasa aiki. Amfaninsa sauri: da korona ta ɓarke a 2020, masu nema sun haura miliyan 6 a mako guda, nan take aka gane girman masifar. Sai dai wanda aka sallama ba da laifinsa ba, kuma ya yi aiki na wani lokaci, shi ne ya cancanta. Ɗalibin da ya gama makaranta bai taɓa aiki ba, ba ya ciki. A yawancin jihohi tallafin na ƙarewa bayan mako 26, sunan mutum ya fita daga jerin alhali yana gida zaune. Saboda haka su ma ba da wannan suke auna rashin aiki ba, gidaje kusan dubu 60 suke tambaya duk wata.

Mu nan babu irin wannan tallafi, balle a ƙirga masu nemansa. Abin da ya ɗan yi kama da shi yana cikin dokar fansho ta 2014: ma'aikacin da ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cirar har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa. Amma wa ke da asusun fansho a kasuwar Singa ko ta Dawanau? Ita kanta NBS ta ce sama da kashi 92 na masu aiki a farkon 2023 suna ayyukan da ba su da rajista ne, ba takardar ɗauka, ba ta sallama.

Ni dai ban ga ƙarya a kashi 4.1 ɗin ba, tambaya ce ƙarama aka yi, aka samu amsa ƙarama. In rahoton ya fito, ka sauka ƙasa kaɗan ka duba layin waɗanda aikin bai ishe su ba, masu yin ƙasa da awa 40 a mako suna neman ƙari. A wancan rahoton kashi 12.2 ne, kusan ninki uku na adadin da aka buga a kanun labarai.