Mece ce "bakkantiri" a wasan sulu kan dusar ƙanƙara?

Idan masu sulu da allo suka ce za su fita bakkantiri, suna nufin dutsen da ke wajen filin wasan da aka tanada. Can babu keken da ke ɗaga mutum sama, ba a share hanya ba, kuma babu ma'aikatan da ke tayar da dusar da ta taru tun da sassafe don kada ta rufto wa mutane. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin bambancin. Duk shirin tafiyar yana rataye ne a kan zaftarewar dusa.

Da ƙafa ake hawa. Shi ya sa ake amfani da allo mai rabuwa biyu: a raba shi gida biyu, a manna wa kowane ɓangare wata fata mai gashi a ƙasa, wadda ke bari ya zame gaba amma ba ya komawa baya. A ƙololuwa sai a cire fatar, a haɗe allon, a gangaro. Ayari mai matsakaicin ƙarfi yakan hau tsayin mita 300 zuwa 400 a tsaye a awa ɗaya, da wannan ake lissafa tsawon yini.

Yawancin zaftarewa tana faruwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, wato daidai inda sulu ya fi daɗi. Iska na kwashe dusa ta jibge ta a bayan tudu, sai ta daskare ta zama faifai a kan wani sashi mai rauni. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga shi. Ana auna haɗarin daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma abin mamaki a mataki na 3 aka fi rasa rayuka, domin a 4 da 5 mutane kan zauna gida.

Kowa sai ya ɗauki abu uku a jikinsa: na'urar gano wanda dusa ta binne, mai aiki a kan mitar rediyo ta kilohaz 457, da sandar tsokale dusa don lalubo wanda aka binne, mai tsawon kusan santimita 240 zuwa 300, da shebur na ƙarfe, don na roba kan karye a dusar da ta daskare. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko yakan rayu, bayan rabin awa kuwa damar ta yi ƙasa sosai. Jirgin ceto ba zai iso cikin wannan lokaci ba, abokan tafiya ne za su tono.

Wajen zaɓen jagora, a nemi mai shaidar IFMGA, ƙungiyar jagororin hawan dutse ta duniya, ko makamanciyarta, a kuma tambayi mutum nawa zai jagoranta. Huɗu zuwa shida ne aka saba. A tambaye shi wace hanya ya tanada idan hasashen yanayi ya lalace. Kafin a tashi zai gwada na'urar kowa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sa a nisanta waya da ita aƙalla santimita 20, domin waya na dagula siginarta.