Waiwaye: Yadda Zane Ya Daina Yi wa Yaƙi Kirari

Shekaru aru-aru, zanen yaƙi a Turai aikin fada ne. Sarki ko babban kwamanda ne yake biyan mai zane, shi kuwa ya ɗora shi a kan ingarman doki, takobi a zare, tutoci suna kaɗawa, gawarwaki kuma in ma sun fito, sai can gefe inda ba a gane fuskar kowa. Ƙarfin da zanen ƙyamar yaƙi yake da shi a zukatan mutane ya samo asali ne daga lokacin da wasu masu zane suka ɗauke ido daga kan mai doki, suka mayar da shi kan wanda dokin ya tattake.

Ana yawan fara labarin da Jacques Callot, wanda a 1633, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, ya fitar da ƙananan zane-zane 18 da ya zana a farantin tagulla aka buga a takarda. Wanda ya fi shahara a cikinsu wata ƙatuwar bishiya ce, mutane rataye a rassanta, wasu kuma a gindinta suna caca a kan ganga. Sai dai waɗanda aka rataye ɗin sojoji ne da suka yi ta'asa, don haka ana iya cewa Callot rashin ɗa'ar soja ya tsana fiye da yaƙin kansa.

Wanda ya sauya al'amarin da gaske shi ne Francisco Goya na Sifaniya. Bayan sojojin Napoleon sun mamaye ƙasar, mutanen Madrid sun yi bore ranar 2 ga Mayu, 1808, washegari kuma sojojin Faransa suka yi ta harbe waɗanda suka kama. A 1814 Goya ya zana wannan dare. Wata fitila ce ajiye a ƙasa, haskenta duk ya tattaru a kan wani mutum mai farar riga, yana durƙushe, ya ɗaga hannuwa sama, idanunsa a zazzare. Kusa da shi akwai gawa kwance cikin jini, daga baya kuma masu jiran nasu ajalin sun rufe fuska da tafin hannu. Masu harbin sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun ba mai kallo baya, ba a ganin fuskar ko ɗaya. Mai farar rigar ba shi da suna, ba shi da muƙami, kuma babu alamar mutuwarsa za ta haifar da wata nasara, shi ya sa mai kallo yake jin cewa da shi ne a wurin, haka zai ɗaga hannu. Goya ya kuma yi wasu zane-zane 82 kan bala'in yaƙin, har ya rubuta a ƙarƙashin ɗayansu cewa ya ga abin da idonsa, to gani kuwa ya kori ji. Ba a buga su ba sai a 1863, shekara 35 bayan rasuwarsa.

A Rasha, Vasily Vereshchagin, wanda ya bi sojojin ƙasarsa fagen daga a tsakiyar Asiya, ya zana tulin ƙoƙunan kai a ƙeƙasasshen fili a 1871, hankaki suna shawagi a kai, ya kuma sadaukar da aikin ga dukkan manyan masu cin ƙasashe da yaƙi, na jiya da na yau da na gobe.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo da sabbin shaidu. Otto Dix, Bajamushe da ya riƙe bindiga mai jigida a ramukan yaƙi, ya fitar da zane 50 a 1924: sojoji cikin takunkumin kariya daga iskar guba, da gawarwaki suna ruɓewa cikin taɓo. Käthe Kollwitz kuwa, Bajamushiya mai zane, ba ta je fagen daga ba. Ɗanta Peter aka kashe a Beljiyam a Oktoban 1914, don haka ta zana waɗanda aka bari a gida, iyaye mata da zawarawa sun ƙanƙame 'ya'yansu. A ganina, nata ya fi daɗewa a rai, domin firgicin ganin ruɓaɓɓiyar gawa yana gushewa, amma na uwar da ta rasa ɗa kowa ya san shi.

Sai kuma Guernica. Ranar 26 ga Afrilu, 1937, ana cikin yaƙin basasar Sifaniya, jiragen Jamus da Italiya masu mara wa Janar Franco, jagoran masu tawaye ga gwamnatin jamhuriya, baya suka yi wa wannan gari na yankin Basque ruwan bama-bamai, ranar kasuwa. Pablo Picasso, wanda gwamnatin jamhuriyar Sifaniya ta riga ta nemi ya yi mata zane domin baje kolin duniya na birnin Paris, ya mayar da harin jigon zanen, ya sa masa suna Guernica, ya kammala aikin cikin 'yan makonni, tsawonsa ya kusa mita takwas, babu launi sai baƙi da fari da ruwan toka. Ba jirgi a ciki, ba bam. Uwa ce ɗauke da gawar jaririnta, bakinta buɗe tana kururuwa, da doki da aka soke, da karyayyen takobi a hannun wanda ya faɗi. Da yake bai nuna maharin ba, duk garin da aka yi wa luguden wuta yana iya ganin kansa a ciki. Picasso ya hana a kai zanen Sifaniya har sai 'yanci ya dawo, zanen kuwa ya zauna a New York har 1981, shekara shida bayan mutuwar Franco.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ya tsayar da yaƙi. Jikan Kollwitz ma ya mutu a fagen daga a 1942. Amma masu mulki ba su taɓa raina su ba. 'Yan Nazi sun kori Dix daga aikin koyarwa a Dresden a 1933, suka kuma saka ayyukansa cikin baje kolin da suka shirya a Munich a 1937 don tozarta zanen da suka kira gurɓatacce. A Fabrairun 2003, lokacin da sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya je Majalisar Ɗinkin Duniya da hujjojin kai wa Iraƙi hari, an lulluɓe saƙaƙƙen kwafin Guernica da ke ƙofar Kwamitin Sulhu da shuɗin labule. Jami'ai sun ce saboda masu ɗaukar hoton talabijin aka yi hakan, mutane da yawa kuwa ba su gamsu ba. An fara yaƙin a watan Maris.