Ƙodarka ba irin ta raƙumi ba ce

Wata Asabar da safe mun je awon hawan jini a mayankar Oko-Oba da ke Agege. Ban gama shimfiɗa kayan aiki ba sai ga wani dattijon mahauci da ƙoda biyu a faranti, ɗaya ta sa, ɗaya ta rago. Ya ajiye a gabana ya ce, "Likita, kullum kuna ce mana ƙoda, ƙoda. To ga ta nan. Tun ina saurayi nake yankan ta, amma ban san aikin da take yi ba." Na ce, "Baba, ara mini wuƙarka."

Ƙodar san nan ƙulli-ƙulli ce, kamar an haɗa ƙananan dunƙule wuri guda. Ta ragon kuwa sumul take, siffar ƙwayar wake, kuma ita ta fi kama da tamu. Na tsaga ta a tsaye. Gefen waje ja ne mai duhu, daga ciki kuma ga zane-zane sirara duk sun nufi wani farin rami a tsakiya. A ramin nan fitsari ke taruwa kafin ya gangara ta wata siririyar hanya zuwa mafitsara. Mahauta suka kewaye mu suna leƙe, kamar ba su ne ke sayar wa masu tsire ita kowace safiya ba. Bayanin da na yi musu ran nan shi nake son 'yan'uwanmu mazauna Legas su ji, domin na gaji da ganin majiya ƙarfi ana kai su wankin ƙoda a kan abin da da an tare shi da wuri bai kai haka ba.

Duk mai rai da ke cin abinci yana tara dauɗa a jininsa. Ba bayan gida nake nufi ba, shi wannan ragowar abinci ne da hanji ya bari. Dauɗar da nake magana a kai cikin jini take. Idan jiki ya sarrafa nama, kifi, wake ko ƙwai, wato abincin da ke gina jiki, akwai wani sinadari da ke saura, ana kiran sa amoniya. Guba ne, kaɗan ɗinsa ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kowace halitta Allah Ya hore mata hanyar rabuwa da shi, kuma hanyar tana tafiya ne da yawan ruwan da ke wurin zamanta.

Kifi bai da matsala, cikin ruwa yake. Yana sakin amoniyar kai tsaye ta gefen kansa, inda yake shaƙar iska, ruwa ya tafi da ita. Tambayi mai kiwon tarwaɗa a Ikorodu ko Epe abin da ya sa yake yawan canza ruwan kwatarniyar kifinsa. Idan ya yi sakaci ruwan ya daɗe, amoniyar ta taru, sai ya wayi gari kifayen sun taso sama, wasu sun juya ciki.

Kaza kuwa ba ta fitsari irin namu, ba ta ma da mafitsara. Ka duba kashin kaza ko na tantabara da kyau, za ka ga wani fari-fari kamar alli a jikinsa. Farin nan shi ne fitsarinta. Jikinta na mayar da amoniya wani abu mai kauri da ake kira yurik asid, wanda ba ya buƙatar ruwa mai yawa kafin ya fita. Haka ƙadangare da tsaka suke, shi ya sa kashin tsaka a jikin bango yake baƙi da ɗigon fari a bakinsa. Ƙwari ma, irin su fara da kyankyaso, ba su da ƙoda sam, wasu zaruruwa ne sirara a jikin hanjinsu ke tsamo dauɗar su zuba ta cikin kashi.

Mu da shanu da awaki da raƙuma hanyarmu ɗaya. Hanta ke karɓar amoniyar ta mayar da ita yuriya, sinadarin nan dai da manomi ya sani a buhun takin zamani. Yuriya ba ta kai amoniya guba ba, jini na iya ɗaukar ta zuwa ƙoda lafiya lau, amma ba ta fita sai an narkar da ita a ruwa. Zarnin da ke dukan hancinka a gindin gada ko bayan tasha, ƙwayoyin cuta ne suka sake mayar da yuriyar amoniya bayan fitsarin ya kwana. Shanu da raƙuma suna da wata dabara ƙari: wani kaso na yuriyar yana komawa tumbinsu ta cikin yawu da jini, ƙananan halittun da ke tumbin su sake mayar da ita abin gina jiki. Raƙumi kuma ƙodarsa na iya matse ruwa daga fitsari har ya fito kaɗan, da kauri, da duhu, ba tare da ya cutu ba. Da wannan da wasu baiwar yake kwanaki a sahara bai sha ruwa ba.

Ɗan Adam ba a yi masa wannan baiwar ba. Ƙodarmu biyu ce, kowace kamar girman dunƙulen hannun mai ita, suna ta baya a ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu na ƙashin gadon baya. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, ido ba ya ganin su. Jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba, amma saboda yana zagayowa ba dare ba rana, ruwan da ƙoda ke tacewa daga cikinsa a yini da kwana ya kai lita 180. Ka ƙiyasta jarka bakwai masu cin lita 25, har da ɗoriya. Kusan duk wannan ruwan ƙoda na mayar wa jini shi, tare da suga da gishirin da jiki ke bukata, ta bar lita ɗaya zuwa biyu kawai ya fita da dauɗar. Tana iya rage yawan fitsarin idan ruwa ya yi ƙaranci, amma tana da iyaka. Kusan rabin lita a rana shi ne mafi ƙarancin abin da zai iya wanke dauɗar. Ga teku nan a Legas ya kewaye mu, amma wanda ya sha ruwansa don ƙishi ƙara wa kansa ƙishi yake, domin ƙodar mutum ba ta iya yin fitsarin da ya kai ruwan teku gishiri, sai ta ɗebi ruwan jikinsa ta haɗa kafin ta fitar da shi.

A nan ne zamanmu na Legas ke ba ni tsoro. Na zauna da wani direban tanka a Apapa, yana cikin layin lodi kwana na uku. Zafi ana yi kamar a gasa mutum, rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma ledar ruwa ɗaya ce a gefen kujerarsa tun safe, bai ma shanye ba. Na ce, "Malam, ba ka jin ƙishi ne?" Ya ce, "Ina ji mana. In na sha, ina zan je in zaga? In na sauka layi ya motsa an tsallake ni." Da ya nuna mini gorar da yake fitsari a ciki da dare, abin ya yi duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Irin wannan amsar nake ji wurin 'yan dako a kasuwar Mile 12, da masu tura baro, da masu gadi, da mata masu talla da ke ƙin shan ruwa don kada fitsari ya kama su a cunkoson mota. Ban ga laifinsu ba, rashin makewayi a kasuwanni da tashoshi babbar matsala ce da ya kamata shugabannin kasuwa su tsaya a kanta. Amma jiki bai san da wannan uzurin ba. Gumi na kwashe ruwa, jini ya ragu, ƙoda ta yi ta aiki a bushe. Daga nan tsakuwar ƙoda ke samun wurin zama, ciwon mafitsara ya biyo baya, kuma in abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, matatan kansu suna lalacewa. Matatar da ta mutu kuwa ba ta sake tohowa.

Ma'aunin yana hannunka, ba sai ka biya kowa ba: kalli fitsarinka. Idan fari-fari ne mai ɗan rawaya, ruwan ya isa. Idan ya yi duhu, ƙara. Ledar ruwa guda rabin lita ce. Mai zama a inuwa huɗu zuwa biyar za su iya isar sa a rana, amma mai ɗaukar buhu a cikin rana ya fi haka buƙata nesa ba kusa ba. Da azumi a rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada a cika ciki da lemon kwalba a bar ruwa. Sai dai wanda likita ya riga ya ce masa ƙodarsa ko zuciyarsa ta yi rauni, aka ƙayyade masa ruwan da zai sha, shi kam ya tsaya a kan abin da aka ce masa.

Abin da ke haɗuwa da rashin ruwan ya ƙarasa ɓarnar shi ne maganin ciwon jiki. An tashi aiki jiki duk ya yi tsami, sai a biya ta kemis ko wurin mai tallar magani a ce a ba ni haɗi. A ƙulle maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna, ba takarda. Sau da yawa akwai irin su ibuprofen da diclofenac a ciki, wani lokaci duka biyun. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Mai lafiya ya sha na kwana biyu bisa umarnin likita, ba komai. Amma mutumin da ya yini bai sha ruwa ba, ya mayar da su abin sha kullum da dare, wataƙila ma yana da hawan jinin da bai sani ba, wannan yana haƙa wa kansa rami ne. Haka jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a gorori, na basir, na sanyi, na ƙarfin maza, wanda ba a san abin da aka zuba ba balle adadinsa. Haka wasu mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke ratsa fata ya isa ƙoda. Duk abin da ya shiga jini sai ya bi ta matatar nan. Manya za su tuna ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da wani maganin haƙoran jarirai da aka haɗa a nan Legas ya gurɓata da sinadari mai guba, yara fiye da 80 suka rasu a sassan ƙasar nan, har da Zariya. Ƙodarsu ce ta tsaya.

Amai da gudawa ma kan tsayar da ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda aka gani lokacin kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Yaro ko babba da ke gudawa, ya yini bai yi fitsari ba, a ba shi ruwan gishiri da suga a kan hanyar zuwa asibiti, kada a jira gari ya waye.

Duk da haka, manyan masu kashe ƙoda a hankali su ne hawan jini da ciwon suga. Matatan nan dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini ne. Jini mai ƙarfin bugu yana yayyaga su, suga mai yawa yana toshe su. Ƙodar da ta lalace kuma tana ƙara hawan jinin, abu ya zama kowa na ingiza ɗan'uwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin har da na dunƙulen miya da na yajin tsire da na taliyar leda. Uwargida, idan kin jefa dunƙule uku a tukunya, gishirin ya riga ya shiga.

Hausawa na cewa jiki magayi, to ƙoda ba ta cika faɗa da wuri ba. Mutum na iya rasa fiye da rabin aikinta yana ta harkokinsa bai ji komai ba. Ciwon bayan da mutane ke cewa ƙoda ce ma, galibi na tsoka ne ko na ƙashi. Alamun da ke zuwa daga baya su ne kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa da yamma, fitsari mai kumfar da ba ta kwanciya, yawan tashi fitsari da dare, kasala, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya, da ƙarancin jini, domin ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini. Jini a fitsari ba abin jira ba ne, ko da mutum na zaton tsargiyar da ya kwaso a rafin garinsu ce. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama, yana fita ɗis-ɗis, shi ma ya zo a duba shi, domin fitsarin da ya kasa fita yana komawa ya danne ƙoda.

Idan ta gaza gaba ɗaya, saura wanki ko dashe. Wanki na nufin a haɗa mutum da inji na kimanin awa huɗu, sau uku a mako yadda ya kamata, kuma ba ranar gamawa. Ana yi a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da na LASUTH a Ikeja, da babban asibitin Gbagada. Dashe kuwa, a Legas aka fara yin sa a Najeriya, a asibitin St. Nicholas a shekarar 2000, amma sai an sami mai ba da ƙoda wanda jininsa ya dace, sannan a sha magani iya rai. Na ga iyalan da suka sayar da shanu da gona a gida, aka bi masallatan Agege ana neman taimako, kuɗin ya ƙare a wata uku. Wannan ne ke hana ni yin shiru.

Awon da zai tare duk wannan bai da wuya. Ka je cibiyar lafiya mafi kusa ka ce a auna maka jini. Idan ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, aka sake awo wata rana ya tsaya a haka, a fara magani, kuma kada a daina don an ji sauƙi. Ka ce a duba suga. Ka ce a tsoma tsinken gwaji a fitsarinka a ga ko furotin, wato sinadarin gina jiki, na zuba, minti biyu ne. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, da wanda aka taɓa ciwon ƙoda a gidansu, ya ƙara da gwajin jini na kiriyatinin, wanda ke nuna yadda ƙoda ke aiki, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Dattijon mahaucin nan shi ya fara miƙa hannu ran nan. Jininsa ya hau sosai, kuma bai taɓa awo ba tun da ya zo Legas. Na rubuta masa takarda zuwa asibiti, ya ninke ta ya sa a cikin hularsa, sannan ya juya ya ƙwala wa yaransa kira su ajiye wuƙa su zo su hau layi.